Tsakin Shinkafar Manaja Mashudu

Assalamu alaikum. Sarkin Zongo, ranka ya daɗe. Liman da malamai, Allah ya gafarta muku. Manaja Kwasi, sannu da zuwa. 'Yar'uwata Batulu, matar marigayi, da kike ɗaki kina takaba, na san kina jina.

Ni ce Asmawu, magajiyar mata masu turara shinkafa a unguwar Gumbihini. Ban iya jawabi ba, amma mata sun ce in tashi, to ga ni.

Mun yi rashi, jama'a. Wallahi mun yi rashi.

Malam Mashudu ya kasance manajan injin casar shinkafa na gwamnati a garin nan. Tun kafin zuwansa akwai al'ada: ranar Alhamis da yamma, in an kashe inji, matan da mazajensu suka rasu sukan shigo da tsintsiya su share tsakin da ya zube, su kai wa marayu. Ya kasance shi ke buɗe musu ƙofa da hannunsa. Ya kasance mai faɗa, wannan kam ba za mu ɓoye ba. Ni ma ya sha kora ta a kan jiƙaƙƙiyar shinkafa. Amma a shekarar tamanin da uku, da wuta ta cinye gonaki, tsakin nan ne ya riƙe gidaje da yawa a unguwar Bulpiela.

Sai zamani ya juya. Manya suka zo daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, da Turawa masu ba gwamnati shawara, suka ce inji dole ya ci da kansa, babu sauran kyauta. A ɗura tsakin a buhu, a sayar wa masu kiwon kaji a kudu. Ina tsaye Malam Mashudu ya ce musu, "Ranku ya daɗe, na ji. Amma ku zo Alhamis ku gaya wa matan da bakinku, ni ba zan iya ba." Ba su zo ba. Shi ma bai rufe ƙofar ba. Bana da damina suka sallame shi, ya koma gida ya zauna, har ciwo ya kwantar da shi. Mutumin nan ko keke bai ajiye ba!

Manaja Kwasi, ɗana, kai ne ka gaji kujerarsa; mun san ba kai ka kafa dokar ba, kuma mun gode da ka tako. Amma yanzu ƙofar a kulle take, makullin kuwa yana aljihunka. Jiya Batulu ta kira ni ɗaki, ta kama hannuna, ta ce in ta gama takaba, ko za a bar ta ta shiga sharar Alhamis, don yara huɗu ya bar mata. Na fashe da kuka. Na kawo maka tambayarta gaban mutane.

Batulu, ki yi haƙuri, muna tare da ke. Mun gode wa kowa da kowa. Allah ya jiƙan Mashudu, ya haskaka kabarinsa, ya ciyar da 'ya'yansa kamar yadda ya ciyar da namu. Amin.