Igiyar da Na Ɗaure Babana da Ita

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Sunana Ayuba, kun san ni a layin mawaƙa. Abin da ba ku sani ba shi zan faɗa yau.

Babana manomin rani ne tun ana haƙa kanal a wajen Bunkure. Da gigin tsufa ya kama shi, ya manta sunana, ya manta Mama ta rasu, amma bai manta ban ruwa ba. Gari na wayewa sai ya saɓa fartanya ya nufi kanal, wai yau layinsa ne. Sau biyu yana faɗawa ciki. Na biyun, maƙwabcinmu Malam Sani ne ya tsamo shi ya kawo shi jiƙe sharkaf, ya ce, "Ayuba, ka kula da tsohon nan. Ba kullum nake wucewa ba."

Kunya ta kama ni, ta koma haushi. Ga tumatir ya nuna a gona, ga tsoho na neman kashe kansa. Sai na ɗauko igiyar ɗaure shanu, na ɗaure masa ƙafa a turken tsakar gida.

I, babana! A turke!

Wata uku yana nan. In ya ja igiyar, in daka masa tsawa. In ya ɓata wandonsa, in watsa masa ruwan sanyi daga nesa ina toshe hanci. Na ɓoye fartanyarsa. Matata Saratu ta yi kuka, na ce in tausayi ya dame ta, ta je ta tsamo gawarsa da kanta. Ranar Lahadi kuwa in zo nan in fi kowa ɗaga murya.

Wata rana da azahar na kai masa tuwo. Igiyar ta ci idon sawunsa, ƙudaje na bi. Ya kama rigata ya yi ƙasa da murya.

"Bawan Allah, ka san ɗana Ayuba? Ka ce masa ya zo. In ya ga abin da ake min, ba zai yarda ba."

Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Na durƙusa nan cikin tuwon, addu'a ta ƙi fitowa. Abin da na iya cewa kawai: "Yesu, ka kwance ni, ni ne a ɗaure." Na yanke igiyar ina kuka.

To amma kanal yana nan, gobe ma zai tafi. Saratu ce Ubangiji ya ba dabara. Ta ce, "Ba kanal yake nema ba, ban ruwa yake nema. Mu kawo masa gonar gida."

Muka ja 'yar hanyar ruwa daga bakin rijiya, muka yi fangali huɗu, muka dasa albasa. Na mayar masa da fartanyarsa. Da safe in ja guga in zuba, shi kuma ya buɗe wannan fangali ya toshe wancan, yana min faɗa wai ban iya aiki ba. Bai sake neman ƙofa ba.

Shekara guda muka yi haka. Bai sake gane ni ba, ko sau ɗaya. Tabon kuma bai goge ba.

Ana saura kwana biyu ya rasu, ina shafa masa mai a ƙafar, ya taɓa tabon ya ce, "Mai igiyar nan, ya tafi?"

Na ce, "Ya tafi, Baba."

Ya ce, "Kada ka bari ya dawo."

Na gode wa Yesu da ya kori mutumin nan daga gidana. Kai mai jinyar tsoho, na san ka gaji. Kafin hannunka ya kai ga igiya, ka kira Ubangiji, ka dogara gare shi, zai nuna maka hanya. Ku kuma taya ni addu'a, kada mai igiyar ya dawo. Amin.