Kyanwar Litiana

A tashar motar Nausori na ji wannan, shekarar da mijina ya rasu. Wani tsoho ne rungume da kwali, da wata mai sayar da rogo a gefensa.

"Baba, kwalinka na kuka," in ji mai rogon.

"Kyanwar matata Litiana ce. Birnin Suva zan kai ta wurin likita a yi mata allurar da ba a tashi. Ta zauce."

"Ta zauce kamar yaya?"

"Tun ranar jana'izar Litiana take karo da bango. Sai ta tsaya tsakiyar ɗaki tana juyi tana kuka. Ko kwanonta ba ta samu."

"Allah ya ji ƙan Mama. Kun fitar da kujeru saboda masu zaman makoki?"

"Kaf, har tebur. Tabarmi aka shimfiɗa. Sai an cika kwana ɗari za a mayar."

"Buɗe in gani." Ta kaɗa yatsa a gaban kyanwar, kyanwa ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Haba Baba! Wannan ai makauniya ce, kuma ba yau ba. Da ƙafafun kujeru take gane hanya, kuka kwashe mata gida."

"Makauniya? Litiana ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ta taɓa barin ka ka matsar da kujera?"

"Shekara uku muna faɗa a kan wannan. Na ɗauka rigimarta ce kawai."

"To, likita ya duba idon, amma ban da allura."

"Ban da allura, 'yata. Yau zan mayar da kujerun, dangi su yi ta surutu. Na san inda kowace take, na sha faɗa a kansu."