Sawun Babura a Bakin Iyaka

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Ɗanjuma, daga Kontagora nake rubuto maka.

Bayan girbi ɓarayi suka kore shanun yayana a wajen Rijau. Ni da shi muka bi sawu, muka ratsa Kebbi, wasu sojoji suka raka mu har bakin iyakar Nijar. Nan babbansu ya ja ya tsaya a jikin wani dutse, ya ce, "Malam, iyakata ke nan." Ga kashin shanun nan ɗanye a gabanmu, bai fi jifa ba!

Yayana ya ce, "Ranka ya daɗe, kira sojojin wancan gefen mana." Sojan ya ce a da suna kiran juna, har sintiri suke yi tare, amma tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu, sai an ba shi umarni daga sama.

Yanzu muna ji wai ƙungiyar tana neman haɗa kai da maƙwabta kan tsaro, ko da ba mambobinta ba ne. To don Allah ka tambayar mana su, sai yaushe? Don maƙwabci ya bar taro, ai bai tashi daga unguwa ba.

Shanu kam mun haƙura. Abin da yake damuna shi ne, a wajen dutsen nan na duba ƙasa da kyau. Sawun shanu can ya yi. Amma akwai sawun babura masu yawa, sabo fil, kuma wajenmu ya yo.

Ina gaida 'yan'uwa na Rijau da Nasko. Ku daina kwana a gona.