Na Hau Sikeli da Goyo

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. In kuna da rai ku ce Amin!

Baba Fasto ya ce in taƙaita, kuma in yi magana da sanyin rai. Taƙaitawa zan gwada. Sanyin rai kuwa, Baba ka yi haƙuri, yau ban zo da shi ba.

Saboda baƙin da suka zo daga Cadawa: sunana Rifkatu, a nan Gazawa ana ce mini Maman Ladi. Maigidana Baban Ladi ne mai kabu-kabu, mai ɗaukar fasinja a moto, wato babur, wancan da ya sunkuyar da kai a bencin baya. Wannan da ke bayana Iliya ne, autana. Saboda shi na tsaya a gabanku.

A kakar da ta wuce aka kawo atamfar ankon Kirsimeti na zumuntar mata. Nan bakin ƙofar nan tela ta tsaya tana auna mu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina ta ja igiyar awo, ta ja, ta sake ja, sai ta ɗaga murya ta ce, "Maman Ladi, turmi guda ba shi isarki!" Wata daga baya ta ce, "A ɗinka mata rumfar biki kawai." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, don in ba ka yi ba a ce ba ka san wasa ba. Amma na san muryar kowace. Wadda ta yi maganar rumfa tana nan a layi na biyu, ba zan kira suna ba, ta san kanta.

Na koma gida raina a ɓace, na gaya wa maigidana, ina jiran ya ce mini ki ƙyale su. Sai ya ce, "To ai ba ƙarya suka yi ba. Ko moto na kuka in kin hau." Baban Ladi, ɗago kanka, kai ka faɗa.

Ku duba fa! Ni da aka yi wa wankan jego, aka ɗura mini kunun kanwa safe da yamma, aka ce ci, ci, yaro na buƙata. Na ci. Da na cika, waɗanda suka ce ci su ne suka fara nuna ni da baki.

A cikin wannan ɓacin rai na ji labarin wata mata da ake kira Madam Jummai. Daga ƙetaren iyaka ta zo, ta buɗe abin da ta kira ƙungiyar rage ƙiba a wata mangaza bayan kasuwa, inda ake tara buhunan aya. Siririya ce, bakinta zaƙi, kuma da addu'a take buɗe taro, har da waƙar da muke rerawa a nan. Wannan shi ya kwantar mini da hankali, shi ne kuma har yau ya fi ƙona mini rai. Da sunan Ubangijina ta shigo mini.

Ranar farko ta ce tsari uku ne, kowa ta zaɓa. Na ɗaya ta kira shi Sannu-sannu: a rage tuwo, a rage mai. Na biyu Matsakaici: ba tuwon dare, ba fura. Na uku ta kira shi Kwamando: ba tuwo, ba fura, ba kunu, ba ƙosai, sai dafaffen zogale ba ƙuli, da wani shayi nata mai ɗaci da take sayarwa a ƙulle.

Na ce mata, "Madam, ni fa ina shayarwa."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar'uwa, wannan jikin naki ko shekara kika yi ba ki ci ba, nono ba shi ƙafewa. Kitse ne zai narke ya zama nono. Amma in ba ki iyawa, ga na malalata can."

Na malalata! Ni Rifkatu? Na tuna rumfar biki, na ce a sa ni a Kwamando.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan abin yake. Kowane mako, washegarin kasuwa, ake awo. Sikelin buhunan aya ne, irin mai faranti a ƙasa. Mace ta hau, Madam ta leƙa, ta faɗi kilo da ƙarfi kowa ya ji. Wadda ta ragu a yi mata tafi da guɗa. Wadda ta ƙaru a kira ta buhu har taro ya tashi. To ƙasan mangazar nan cike yake da garin maganin ƙwari da ake barbaɗa wa buhuna. Wace uwa ce za ta kwance ɗanta ta ajiye a kan wannan? Ga Iliya bai daɗe da koyon zama ba, ba ya yarda da hannun kowa. Da na tsaya ina neman wadda za ta riƙe shi, Madam ta ce, "Hau da shi, kar ki ɓata mana lokaci. Wanga ƙaton yaro kilo takwas ne, sai in riƙa cirewa."

Tun daga ranar nan, da goyo nake hawa. Kullum ta cire takwas.

Shayin nan kuwa, 'yan'uwa, ba zan faɗi aikinsa a ɗakin Ubangiji ba. Ku dai sani hanyar bayan gida ta san ƙafata. Ina jiri, ina ganin duhu in na miƙe daga bakin murhu, ina tuƙa wa mutanen gida tuwo ina haɗiye yawu. Amma ranar awo a yi mini guɗa, sai in manta. Madam ta riƙa nuna ni ga sababbi tana cewa, "Ku ga jaruma!"

Iliya ya fara kuka. Ya kama nono ya ja, ya saki, ya tsala ihu, ya koma ɗayan. Ɗan kunun da nake dama masa ya kurɓa biyu ya kau da kai, don shi nono ya sani. Na gaya wa Madam. Ta ce, "Haƙori ne." Na gaya wa matan da ke zaune a nan, wasu ma suka ce haƙori ne. A garin nan ko yaro ya faɗo daga katanga, haƙori ne!

Mutum ɗaya ce ba ta ce haƙori ba: Inna, uwar maigidana. Ta zo daga Cadawa da ƙullin gero, ta karɓi jikanta, ta auna shi a hannu. Sai ta ce, "Rifkatu, ɗan nan ya yi sakayau. Mi kike ci?" Na ce ina ci. Ta dama kunu cike da ƙwarya ta ajiye a gabana. Da ta fita gaida maƙwabta, na zuba wa awaki, don jibi awo ne. Awakina sun yi ƙiba a watan nan, ku je ku gani.

Makonnin ƙarshe jikina ya tsaya. Na sani, don zanen da nake ɗaurawa bai ƙara saki ba. Amma sikeli na ci gaba da sauka kaɗan-kaɗan. Madam ta ce kitsen ciki ne ke narkewa, wanda ido ba ya gani. A makon ƙarshe ni ce na zo ta ɗaya. Aka ɗaura mini kallabi sabo, aka zagaye ni ana tafi, Iliya na bayana ko motsi ba ya yi. Na ce barci yake.

Washegari da safe na kwance shi zan yi masa wanka. Kansa ya langaɓe. Maɗigarsa ta faɗa. Na ɗaga fatar cikinsa da yatsa biyu, na saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya buɗe baki zai yi kuka, murya ba ta fito ba.

Wayyo Allah! Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Baban Ladi ya ɗauke mu a moto, kuma ranar ban ji ya ce moto na kuka ba.

A likita, asibitinmu, majo ya karɓe shi, wato babban ma'aikacin wurin. Ya zagaya masa wata 'yar igiya a damtse, ya duba. Ya sa shi cikin wandon nan da ake rataye yara a sikeli. Na ga ɗana yana lilo, ƙafafu kamar sillen kara. Majo ya faɗa wa mai taimaka masa, "Kilo shida da 'yan kai. Tamowa ce."

Shida.

Ban yi nisa a karatun lakol ba, amma ina sayar da ƙosai, na iya cirewa. Madam takwas take cirewa. Yaro ya koma shida. To ragowar da aka ce ta sauka daga jikina, daga jikin wa ta sauka? Kallabin nan da aka ɗaura mini, guɗar nan, tafin nan, na mene ne? Naman ɗana aka yi wa guɗa, ni kuma ina tsaye a kan sikelin aya ina washe baki!

Suka shiga da shi ciki za su sa masa ruwa. Na fita na durƙusa a gindin itacen bedi da rana tsaka, mutane na wucewa suna kallona. Ba addu'ar ladabi na yi ba. Na ce, "Ya Yesu, kana gani aka yi mini dariya a ƙofar gidanka, ba ka ce komai ba. Kana gani mata ta kira sunanka ta sayar mini da yunwa. To yanzu ni ce ke magana. Ka maido mini da ƙibata duka, ka ninka ta, a kira ni rumfa, a kira ni buhu har in mutu. Amma ka bar mini Iliya."

Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na ji, hannu ne a kafaɗata. Na waiwaya, Inna ce. Wani ɗan kabu-kabu ya kai mata labari can Cadawa, ta hau motar farko. Ba ta zage ni ba, ko da yake na ga zagin cike da bakinta. Ta buɗe ƙwarya ta ce, "Sha. Nan babu awaki."

Ashe ta sani.

Na sha ina kuka. Kwanakin da muka yi a likita, ita ke dama mini, ita ke tsaye a kaina har in shanye. Majo ya ce in riƙa sa Iliya a nono ko babu komai, jan da yake yi shi zai kira ruwan. Ina sa shi, yana ja, yana saki. Ina sa shi, ina kiran sunan Yesu. Wata safiya na ji ƙirjina ya yi nauyi, rigata ta jiƙe, na ji ƙut, ƙut, ƙut a maƙogwaron ɗana. Halleluya! Ku ce Halleluya mana, ko sai an auna ku?

Da aka sallame mu, ban wuce gida ba sai da na biya mangaza, don ranar awo ce. Na tarar da layi, Madam na leƙen sikeli. Na kwance Iliya na ɗaga shi kowa ta gani, na faɗi abin da majo ya auna. Kun san abin da matar nan ta ce? Ta ce, "Ni ban ce ki hana ɗanki abinci ba. Ke ce ba ki bi tsari daidai ba."

Baba Fasto, abin da na mayar mata ba zan maimaita shi a nan ba. Amma a layin nan akwai mata biyu da goyo a bayansu. Na ce musu, "Ku kwance 'ya'yanku ku dube su da rana." Ɗaya ta kwance, ta duba, ta bi ni a baya har likita.

Madam ta tattara ta bar gari, an ce tana wata kasuwar. An ce in yafe mata. Ina roƙon Ubangiji ya ba ni ikon, amma har safiyar yau bai ba ni ba tukuna, kuma ba zan tsaya a gaban bagade in ce ya ba ni ba.

Maganar ƙiba kuwa, majo ya ce gaskiya jinina ya ɗan hau. Ya ce in rage gishiri da mai, in riƙa zuwa kasuwa da ƙafa, sauran magana sai na yaye yaro. Wannan shi ne tsarina yanzu, kuma ba shi da suna. Ankon kuwa ga shi a jikina. Turmi guda bai isa ba, aka ƙara wani ƙyalle daban a gefe. Ku kalla da kyau, ba na ɓoye shi.

Ina gode wa Yesu da ya ji addu'ar mace mai fushi. Ina gode masa da ya aiko Inna da ƙwarya. Ke da ke zaune kina jin zafin wata magana da aka yaɓa miki, kar ki kai ta mangaza, ki kai ta gun Ubangiji, ko da faɗa ne, yana ji. Ku dogara gare shi. Ku kuma masu baki, ku sani wasanku yana bin mutum har gida.

Yanzu zan kwance Iliya, a miƙa shi hannu-hannu har bencin baya, kowa ya ji aikin Ubangiji da damtsensa. A fara daga layi na biyu. 'Yar'uwa, miƙo hannu biyu, ɗaya ba ya isa. Yana da nauyi.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.