Na Daina Shan Kunun Kanwa

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajara mai ƙuli-ƙuli, daga Sabo, Badun.

Bayan na haihu, ƙafafuna suka kumbura, numfashi yana sarƙe ni. Maigidana soja ne, yana bakin daga, sai na tafi asibiti. Likita ya liƙa mini wayoyi a ƙirji, ya ce zuciyata ba ta harba jini da ƙarfi. Ya hana ni kunun kanwa da wankan jego.

Surukata ta ce, "Abin kunya za ki ja mana!"

Na ce, "Inna, yi haƙuri, ba zan sha ba. In na mutu, wa zai shayar da jaririyar?"

Kumburin ya sauka. Masu zunɗena su yi ta yi. Ina gaida Iya Sikira ta Mokola, wadda ta raka ni.