Ƙofar Kuza

A tashar Kawo, cikin motar Zariya da ta ƙi cika, wani magidanci yana wasan gina birni na intanet a wayarsa. Saurayin da ke gefensa ya leƙo.

"Haba Alhaji! Da kuza zalla za ka sake yin ƙofar gari?"

"Ina ruwanka? Wayarka ce?"

"Kuza ai ta kwanuka ce da rufin ɗaki. Ka narka ta da jan ƙarfe, ka samu tagulla. Ita ko dodo bai iya fasa ta."

"Dodo? Ba dodo ne ya cuce ni ba, samari! Tun azumi nake tara jan ƙarfe, har a ofis haƙa nake. Jiya ina cikin mitin wani ɗan iska ya fasa min ƙofa, ya kwashe shi tas. Allah ya isa!"

"To laifin wa? Wa ya ce ka zuba shi a rumbun bayan maƙera, ba ko mai gadi?"

Alhaji ya kife wayar a cinyarsa, ya juyo a hankali.

"Yaushe na gaya maka a bayan maƙera na zuba?"

Saurayin ya zabura. "Kwandasta! Buɗe min, na fasa tafiyar."