Tsofaffin da Ke Kicin

A wani shagon kayan kwamfuta a Alƙahira, wani mai tumbi ya tare wani dattijo da shawara.

"Alhaji, tace bidiyo baiwa ce, kuma Allah ya ba ni. Sayi wannan na'urar, da ita na juye kaset ɗin bikinmu a kwamfuta. Awa uku na mayar minti ashirin."

"Me ka yanke?"

"Shirme! Tsofaffi a kicin suna ta surutu."

"Ni kuwa irin wannan surutun na zo ceto daga wani tsohon kaset nawa. Mahaifiyata na ciki, tana faɗa kan gishirin shinkafa. Kaset ɗin naka fa?"

"Na yar tuni."

Matar mai tumbin, da ke tsaye a bayansa, ta ce a hankali, "Marigayiya Mama ma tana kicin ɗin ranar."